Daga Majalisar Sarki Abbas Zuwa Kotun Sakatariyar Audu Bako: Tarihin Shaida a Shari'ar Kisa

Kwanakin baya wani matashi ɗan ƙungiyarmu ya same ni a gida nan Babura da rubutun littafinsa, ya ce in duba masa kafin ya kai maɗaba'a. Labarin wata budurwa ne da ta fita unguwa da la'asar ba ta komo ba, aka yi cigiya har aka gaji, daga baya aka kama wanda ake zargi aka kai shi gaban shari'a. Yaron ya iya zuba labari, ba laifi. Amma da na iso babin kotu sai na tarar da alƙali riƙe da guduma yana ta dukan tebur, ga wasu mutum 12 zaune a gefe wai su za su ce an yi laifi ko ba a yi ba, ga lauya yana kai da kawowa yana daka wa mai shaida tsawa, har mutumin ya fashe da kuka ya ce shi ya kashe ta. Na ce masa, "Ɗana, ka taɓa shiga kotu kuwa?" Ya sunkuyar da kai ya ce, "A'a Baba, a fim na gani."

To, wannan ne ya sa na ga ya kamata in ɗan yi wa 'yan'uwa marubuta bitar yadda ake karɓar shaida a shari'ar kisa a ƙasarmu, jiya da yau. Zan kafa zancen a kan wata shari'a da kowa ya ji labarinta, wadda mu a nan Babura muka bi ta rediyo, ana gama sallar isha'i a taru teburin mai shayi ana saurare ana salati. Ina nufin shari'ar Hanifa Abubakar. Ita ba budurwa ba ce kamar ta littafin yaron nan, shekarunta 5 kacal. Sai dai tambayar da ke gaban kotu ɗaya ce: mutum ya ɓace, an tsinci gawarsa, babu wanda ya ga lokacin da aka kashe shi, to da me za a kama wanda ya yi?

Ranar 4 ga Disamba, 2021, Hanifa ta taso daga makarantar Islamiyya a yankin Dakata, cikin Ƙaramar Hukumar Nassarawa ta Kano, aka ɗauke ta a hanya. Iyaye suka shiga cigiya, hotonta ya bazu a wayoyin mutane. Can sai aka fara tuntuɓar iyayen ana neman kuɗin fansa Naira miliyan 6. Aka shafe kusan mako bakwai ana wannan hali. A tsakiyar watan Janairu na 2022 jami'an tsaro suka damƙe mutumin wajen ƙoƙarin karɓar kuɗi, sai ga shi ba baƙo ba ne. Abdulmalik Tanko ne, mai makarantar Noble Kids Academy inda yarinyar take karatun boko, wanda yana cikin waɗanda suka je gidan suka yi wa iyayen jaje a farkon ɓatan. Ranar 20 ga Janairu aka tono gawar a harabar wata makarantar tasa da ke Tudun Murtala. Da 'yan sanda suka gabatar da shi gaban 'yan jarida, ya faɗa da bakinsa cewa maganin ɓera na Naira 100 ya saya ya zuba mata a shayi, saboda ta san shi, in ta koma gida asirinsa zai tonu.

A wajen jama'a shari'a ta ƙare a wannan rana. Kwanaki kaɗan bayan haka aka cinna wa makarantar wuta da dare. Gwamnatin Kano ta soke lasisin makarantu masu zaman kansu ta ce kowa ya sake rajista. Gwamna Abdullahi Umar Ganduje ya yi alkawarin cewa in kotu ta yanke hukuncin kisa ba zai ɓata lokaci ba wajen sa hannu. A teburin mai shayinmu kuwa wani tsoho ya ce shi bai ga amfanin kai mutumin kotu ba tunda ya riga ya faɗa, a kai shi bakin kasuwa kawai. Mutane da yawa suka ce haka ne.

Sai ga shi a watan Fabrairu, da aka karanta masa tuhuma gaban Mai Shari'a Usman Na'abba na Babbar Kotun Jihar Kano da ke Sakatariyar Audu Bako, Abdulmalik ya musanta kisan. Ranar nan rediyo ta sha zagi kamar ita ta yi musun. A wurin marubuci kuwa, nan ne ainihin labarin ya soma, domin abin da mutum ya faɗa gaban kyamara a ofishin 'yan sanda daban, abin da za a tabbatar gaban alƙali daban. Kafin mu shiga zauren kotun, bari mu koma baya shekara ɗari da 'yan kai, mu ga da a wancan zamani abin ya faru yaya za a yi.

Babura, kamar yadda manya suka sani, gunduma ce ta ƙasar Kano, sai a 1991 da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa muka rabu. Saboda haka in an yi kisa a nan a zamanin Sarkin Kano Abbas, wanda ya yi sarauta daga 1903 zuwa 1919, dagaci zai kai wa hakimi, hakimi ya aika birni, domin alƙalin gunduma ba ya yanke shari'ar jini. Maganar rai sai Majalisar Sarki. Kazaure kuma da nata sarkin da tata majalisar. Allah Ya sa littattafan da malaman majalisar Abbas suka riƙa rubuta shari'u a ciki ba su salwanta duka ba. Wani Ba'amurke masanin tarihi, Allan Christelow, ya zaɓo wasu daga na 1913 da 1914 ya fassara su daga Larabci zuwa Ingilishi, aka buga a 1994 da sunan Thus Ruled Emir Abbas. A ciki akwai rigimar gona, da ta bayi, da sata, da kisa. Duk marubucin da ke son jin yadda talakan Kano ya rayu a farkon zuwan Turawa, to ya nemi littafin nan.

Dokar da ake bi a lokacin ita ce fiƙihun Malikiyya, kamar yadda yake a Risala ta Ibn Abi Zaid, da Muhtasar na Halil, da Tuhfa ta Ibn Asim, sai kuma Diya'ul Hukkami wanda Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta a cikin birnin Kano wajen 1806. A wannan tsari hanyoyi uku ne ake tabbatar da kisa har a yi ƙisasi. Ko dai mutum ya yi iƙirari da bakinsa ba tare da tilas ba, ko maza biyu adilai su ce sun gani da idonsu, ko kuma a yi abin da ake kira ƙasama.

Ƙasamar nan ita ce ta fi dacewa da zancenmu, don ita aka tanada saboda kisan da ba shi da cikakkun shaidu. Ba a yin ta sai in akwai lausu, wato wata alama mai ƙarfi da ke nuna mutum amma ba ta kai hujja ba. Alal misali wanda aka sara ya ce kafin ransa ya fita wane ne ya kashe shi, ko a sami adili guda ɗaya tak da ya gani. In haka ta samu, sai maza daga dangin mamaci ta wajen uba, aƙalla su biyu, su yi rantsuwa 50 a tsakaninsu cewa lalle wane ne ya kashe ɗan'uwansu. In sun rantse an ba su jininsa. In sun ja da baya, rantsuwar ta koma kan wanda ake zargi. Mai karatu, ka tsaya ka duba nauyin abin. Mutum bai ga kisa da idonsa ba, amma a ce ya tsaya gaban jama'a ya ambaci sunan Allah sau 25 a kan ran wani. A zamanin da ake gudun rantsuwa kamar yadda ake gudun kumurci, ba kowa ke iya kai ƙarshenta ba. Ban san wani marubucin Hausa da ya gina babi a kan wannan tsayuwa ba, alhali kuwa ta fi gudumar fim ɗin Amurka girgiza zuciya nesa ba kusa ba.

Akwai kuma wani rarrabewa da Malikawa suka yi wanda ya hau kan shari'ar Hanifa daidai wa daida. A kisan ganganci na yau da kullum, jinin na magada ne. In sun so a kashe, in sun so su yafe ko su karɓi diyya, wanda aka yafe wa kuma a yi masa bulala 100 da ɗaurin shekara guda. Amma in an yaudari mutum ne aka ja shi wani wuri a ɓoye aka kashe shi don abin duniya, wannan suna kiransa gila, mu kuma muna cewa kisan gilla, to babu zancen yafewa. Hukuncin ya fita daga hannun dangi ya koma hannun sarki. Ke nan da an kawo irin wannan magana gaban Abbas, kuma ta tabbata, ko da uban yarinya ya ce ya bar wa Allah, sai Hauni ya yi aikinsa. Sai dai bayan 1903 Hauni ba ya zare takobi sai Razdan ya duba takardu, Gwamna ya sa hannu.

Daga wannan sa hannu na Turawa ne rigima ta faro, ta ɗauki shekara wajen hamsin tana ci a hankali. Su Turawa sun bar kotunan sarakuna da alƙalai, amma sun kafa nasu a sama, da wani sharaɗi cewa duk abin da suka ga ya saɓa wa adalci yadda su suka fahimce shi za su soke. Shari'u biyu sun isa misali. A 1947 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Afirka ta Yamma ta duba maganar Tsofo Gubba, wanda kotun Sarkin Gwandu ta yanke wa hukuncin kisa saboda ya kashe wani da ke neman matarsa. A dokar Turawa, wanda aka tunzura har hankalinsa ya gushe ba a kashe shi, a fiƙihun Malikiyya kuwa tunzuri ba ya sauke ƙisasi. Kotun ta soke hukuncin, sarakunan Arewa suka ji zafi ƙwarai. Ta biyun a maƙwabtanmu ta faru, ita ce shari'ar Guri da En'e ta Haɗejiya a 1959. An tuhumi mutumin da fashi da kisa, aka yanke masa hukunci ba tare da an ba shi damar kare kansa ba, sai Kotun Ƙoli ta Tarayya ta rushe shari'ar gaba ɗaya.

Ana cikin haka 'yancin kai ya gabato. A 1958 gwamnatin Sardauna ta gayyato wani kwamiti na masana, shugabansa Alƙalin Alƙalan Sudan, Sayyid Muhammad Abu Rannat, a ciki akwai Mai Shari'a Muhammad Sharif na Pakistan da Farfesa Anderson na Landan, tare da wasu manyan Arewa. Shawararsu ce ta haifi dokar nan da muke kira Final Kod, wadda aka zartar a 1959 ta fara aiki ranar 30 ga Satumba, 1960, kwana ɗaya kafin a sauke tutar Ingila. An ɗebo ta daga ta Sudan, ita kuma ta Sudan daga ta Indiya ta 1860. Sashe na 221 shi ne na kisan da hukuncinsa kisa ne. Daga ranar ƙasama ta fita daga shari'ar laifuffuka, sannan a 1967 zuwa 1968 gwamnatin soja ta rufe kotunan sarakuna baki ɗaya. Ko da jihohin Arewa suka dawo da dokokin laifi na Musulunci a 2000, Kano da Jigawa duk suna ciki, Babbar Kotu ba ta daina sauraren shari'ar kisa ba, kuma can aka kai ta Hanifa.

To yanzu mu shiga zauren. Abu na farko da zai ba baƙo mamaki shi ne rashin hayaniya da kuma jinkiri. Alƙali shi kaɗai ne, babu wasu mutum 12, shi zai auna shaida shi zai yanke. Galibi da hannunsa yake rubuta abin da ake faɗa, saboda haka mai shaida zai yi jimla biyu a ce ya dakata. Wanda ya shigar da ƙara shi ne gwamnati, a wannan shari'a Kwamishinan Shari'a na Kano na lokacin, Musa Abdullahi Lawan, shi da kansa ya jagoranci lauyoyinta. Waɗanda ake tuhuma kuma Hukumar Ba da Agajin Lauya ce ta tsaya musu, domin doka ba ta yarda a yi wa mutum shari'ar rai ba shi da lauya. Na ji mutane suna tsine wa lauyoyin nan a lokacin. A ganina an zalunce su. Da babu su, da hukuncin ya zama irin na Guri, kotun sama ta yi fatali da shi, iyayen yarinya su koma gidan jiya.

Kowane mai shaida sau uku ake bi ta kansa. Wanda ya kawo shi ya yi masa tambayoyi ya ba da labarinsa, lauyan ɗaya ɓangaren ya tashi ya yi masa tambayoyin ƙure don ya ga ko zai yi tuntuɓe, sannan na farko ya dawo ya gyara inda aka yamutsa. Kuma ba a barinsa ya faɗi abin da ya ji a gari. In ya ce "an ce", sai a tsayar da shi, a ce ina wanda ya ce ɗin. Wannan kalma ta "an ce" ita ce jarin teburin mai shayi, ita ce kuma kotu ta fi ƙi.

A irin wannan shari'a babu mutum ɗaya da ke riƙe da labarin duka. Kowa da ɗan guntun da ke hannunsa. Iyaye sun san ranar da ta fita da kayan da ke jikinta da saƙonnin da aka riƙa aiko musu. Jami'in da ya yi kamu ya san wurin da lokacin da abin da ya samu a jikin mutumin. Wanda ya je wajen tono ya san wa ya nuna ramin. Likita ya san halin da gawa take ciki. Ita kuma matar Abdulmalik ta faɗa wa masu bincike cewa mijinta ya kawo yarinyar gida ya ce 'yar wata malamar makarantarsa ce da ta yi tafiya, ta zauna cikin 'ya'yanta na wasu kwanaki, sannan ya tafi da ita. Duk cikin abin da na ji a shari'ar nan babu wanda ya tsaya mini a rai kamar wannan. Gari ya ɗauka ana cigiya, ita kuwa tana wani gida cikin birnin tana wasa da yara, ana zuba mata abinci tare da su. Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan mutane da ya ga an zuba guba a kofi. Amma in aka jera guntayen, wannan ya kama wancan kamar tubalin gini, sai a wayi gari babu ƙofar da ta rage wa wanda ake tuhuma.

Saura maganar iƙirari, wadda tsohon nan na teburin mai shayi ya ɗauka ta gama komai. Dokar Shaida ta 2011, a sashe na 29, ta hana kotu karɓar iƙirarin da aka samu ta hanyar azaba ko tursasawa. In wanda ake tuhuma ya ce dukansa aka yi ya faɗa, sai a jingine babbar shari'a a yi wata ƙarama a cikinta, a kira waɗanda suka ɗauki jawabin su zo su yi bayani. Saboda yawan wannan ƙorafi ne dokar gudanar da shari'ar laifi ta tarayya ta 2015, da irinta ta Kano ta 2019, suka tanadi a riƙa ɗaukar jawabin a bidiyo ko gaban lauya. In kuma mutum cewa ya yi bai taɓa faɗa ba, ko ya janye, alƙali yana iya riƙe iƙirarin, amma sai ya gwada shi da sauran hujjoji: shin akwai wani abu a waje da ke gaskata shi? Mutumin da ya kai jami'ai bakin ramin da babu wanda ya san da shi, ya riga ya gaskata kansa da ƙafarsa. Kada kuma mai karatu ya zaci wannan taka-tsantsan Turawa suka kawo shi. Malamanmu sun daɗe suna muhawara a kai. Mafi rinjayen zance a mazhaba shi ne iƙirarin wanda aka tilasta ba ya ɗaure shi, ko da yake an ruwaito Sahnun ya yi sassauci a kan wanda aka riga aka sani da ɓarna.

Wani sabon mai shaida kuma ya shigo wanda Sarki Abbas bai san shi ba, wato wayar salula. Sashe na 84 na dokar 2011 ya buɗe ƙofar karɓar abin da na'ura ta adana, kamar saƙon tes da jerin kiraye-kiraye da bidiyo, in an cika sharuɗɗa. Mai neman kuɗin fansa dole ya yi magana da iyaye, duk maganar da ya yi kuwa sawu ce ya bari.

Ranar 28 ga Yuli, 2022, Mai Shari'a Na'abba ya yanke wa Abdulmalik Tanko da abokinsa Hashimu Isyaku hukuncin kisa ta hanyar rataya, da ɗaurin shekara 5 kan haɗa baki. Mace ta ukun da aka gurfanar tare da su aka ba ta shekara 2. Daga kamu zuwa hukunci wata shida ne da 'yan kwanaki, wanda a ma'aunin kotunanmu gudu ne na fanfalaƙi.

Ba a yi wata biyu ba sai ga wata. Ranar 16 ga Satumba, 2022, wani ɗan ƙasar Sin mai suna Geng ya shiga gidan su Ummukulsum Sani Buhari, wadda aka fi sani da Ummita, a unguwar Janbulo ta Kano, ya soke ta da wuƙa. Ita ba ta ɓace ba, a cikin gidansu aka yi, kuma mahaifiyarta da 'yar'uwarta sun tsaya gaban kotu sun ba da shaida. Na kawo ta ne don mai karatu ya ga yadda tarihi ya juya. A tsohon tsari shaidar mata ita kaɗai ba ta tsayar da ƙisasi, shaidar uwa a kan hakkin 'yarta kuma akwai tuhumar son kai a cikinta, saboda haka da sai an nemi wata hanyar. A Babbar Kotu kuwa su ne shaidun farko, abin da ya rage wa lauyan Geng shi ne ya gwada ƙure su. Shi Geng bai musa cewa wuƙa ta shiga ba. Cewa ya yi kare kansa ya yi, bai yi nufin kisa ba, ya kuma daɗe yana lissafa dukiyar da ya ce ya kashe mata. Wato ƙofar da ta tsirar da Tsofo Gubba shekara 75 da suka wuce, irinta ya ƙwanƙwasa. Mai Shari'a Sanusi Ado Ma'aji bai gamsu ba, ranar 26 ga Maris, 2024 ya yanke masa hukuncin rataya. Na lura a lokacin cewa rabin hirar gari ta koma kan halin marigayiya da kuɗin da aka ce an kashe, kamar ita ake wa shari'a. Wanda yake kabari ba ya tashi ya yi tambayar ƙure, marubuci ya tuna da wannan kafin ya ɗauki zancen ɓangare ɗaya ya mai da shi littafi.

Akwai wani abu guda da ya haɗa majalisar Abbas da kotun Audu Bako, shi ne ma ya fi damuna a matsayina na mai rubutu da Hausa. A 1913 bafatake ko manomi zai durƙusa ya ba da shaidarsa da Hausa, malami ya taƙaita ta da Larabci cikin layi biyar ko shida. A 2022 uwa za ta tsaya ta yi magana da Hausa, tafinta ya juya ta zuwa Ingilishi, alƙali ya rubuta abin da tafinta ya faɗa. A duka zamunnan biyu kalmomin da suka fito daga bakin mai shaida ba su shiga takarda ba. Inda ta yi shiru, inda ta ce "wallahi tallahi", inda ta kasa kiran sunan 'yarta ta ce "ita yarinyar", duk sun tsaya a iska. Mace ta ce "ya ce mini amana ce", tafinta ya nemo wata kalmar Ingilishi ta ajiya ya ɗora, alhali duk Bahaushe ya san amana ta wuce ajiya. 'Yan jaridar rediyo suna ƙoƙari, amma minti uku aka ba su, gobe kuma wani labarin ya danne. Kotun nan a buɗe take ga kowa, ba a biyan ko kwabo, benci na nan a baya. Daga Babura zuwa Kano tafiyar safiya ce. Amma ban ga wani daga cikinmu da ya je ya zauna da littafi da biro tun daga ranar farko har ta ƙarshe ba, ni ma ban je ba, ta rediyo na bi kamar kowa, kuma ina jin kunyar haka.

A wasu ƙasashe an yi. A watan Nuwamba na 1959 aka kashe mutum huɗu 'yan gida ɗaya a wani ƙauye mai suna Holcomb a jihar Kansas ta Amurka. Marubuci Truman Capote ya tashi daga New York ya tare a can, ya bi bincike, ya zauna a kotu, ya riƙa ziyartar masu kisan a kurkuku har aka rataye su a 1965, sannan littafinsa In Cold Blood ya fito a 1966. Littafin ya yi suna a duniya. Sai dai daga baya an kama shi da ƙari, har an gano cewa fage na ƙarshe, na haɗuwa a maƙabarta, ƙirƙirarsa ya yi don labarin ya sauka da daɗi. Mutanen garin da suka ga an sa musu magana a baki ba su yafe masa ba. In an ce ƙagaggen labari ne, to a sauya suna da gari a ƙaga yadda ake so. In kuwa an ce tarihi ne, dangin Hanifa da na Ummita suna nan da ransu, kuma suna iya karatu.

Shi dai yaron nan na mayar masa da rubutunsa, na ce ya cire guduma da mutum 12, ya je Babbar Kotu mafi kusa ya zauna ko da mako biyu ne. Ya je. Ya dawo yana ƙorafi wai sau uku ana ɗage zama, rana ɗaya motar gidan yari ba ta kawo fursuna ba, wata rana mai shaida bai zo ba, ranar da aka zauna kuma rabin lokacin ya tafi a kan gardamar ko za a karɓi wata takarda. Na ce ya rubuta hakan ma, don a bencin da ya zauna akwai wata tsohuwa da ta biya kuɗin mota sau ukun nan duka.

Gwamna Ganduje ya sauka daga mulki a watan Mayu na 2023 ba a zartar da hukuncin da ya yi alkawarin sa wa hannu ba. Doka ta ba wanda aka yanke wa kisa damar zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara, daga nan Kotun Ƙoli a Abuja, kuma ba a taɓa shi sai an gama. Alƙalan da ke can sama ba sa kiran mai shaida ko ɗaya, ba sa ganin fuskar uwa ko ta matar gida. Abin da ake kai musu shi ne kundin da alƙalin farko ya rubuta da hannunsa, aka buga da keken rubutu ko kwamfuta aka ɗinke, da Ingilishin tafinta a ciki daga bango zuwa bango.